Hunturu: Abin da ya kamata ɗan gwanjo ya sani game da rigar sanyi mai gashin agwagwa

Daga wakilinmu a Mayo-Oulo

Da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, hazo ya fara rufe duwatsun da ke tsakaninmu da Najeriya, sai kasuwannin kan iyaka su canza kama. Daga Mayo-Oulo zuwa Dourbeye da Doumo, daga Guider har babbar kasuwar Garwa, haka nan a Mubi ta wancan ɓangaren, rumfunan 'yan gwanjo sukan cika da suwaita da safa da hular sanyi. A saman igiya kuma a rataye manyan rigunan nan masu kumburi, masu hula haɗe da wuya, waɗanda masu jin Faransanci ke kira «doudoune». Su suka fi jan ido, su kuma suka fi cin jari.

Lokacin yakan zo daidai da kaka. Manomi ya sayar da gyaɗa, ana ɗibar auduga ana kai wa Sodecoton, akwai ɗan abin taɓawa a hannun jama'a. To amma kasuwar gajera ce. Disamba da Janairu ne, sai ɗan abin da ya samu na Fabrairu. Kafin ƙarshen Maris ma'aunin zafi a Garwa ya haura digiri 40, ko kyauta ka ba mutum rigar sai ya tambaye ka laifin da ya yi maka. Duk wanda ya zuba kuɗinsa a dilar rigunan sanyi, makonni takwas zuwa goma yake da su ya fitar da uwar kuɗi da riba.

A gidan rediyonmu, duk shekara idan sanyi ya kama, tambayoyi biyu masu kiran waya suka fi yi mana a filin kasuwanci. Ta farko, shin da gaske ne rigar nan tana tare sanyin ƙasashen da ruwa ke daskarewa, har a ba wa mai tafiya can shawarar ya saya? Ta biyu, mu nan da ruwa bai taɓa zama ƙanƙara a randa ba, ta cancanci kuɗin da ake yanka mata? Amsarmu a taƙaice ita ce: ta gaskiyar tana aiki, har fiye da yadda ake zato, amma a irin sanyin da aka yi ta dominsa. Da yawa daga cikin waɗanda ke rataye a rumfunanmu kuwa kama kawai suka yi da ita.

Abin da ke cikin rigar

Gashin tsuntsu iri biyu ne. Akwai na waje mai kara a tsakiya, irin na fiffike da wutsiya, wanda Faransawa ke kira «plume». Akwai kuma na ƙarƙashi, mai laushi kamar audugar rimi, wanda ke kwance a ƙirji da cikin agwagwa da dinya, ba shi da kara ko kaɗan. Shi ne «duvet» da Faransanci, «down» da Ingilishi. Duk matar da ta taɓa figar agwagwa ta san shi, shi ne mai tashi sama ya manne a hanci, a ƙarshe a share a zubar. Ba mu raɗa masa suna na musamman ba domin ba mu taɓa buƙatarsa ba, don haka a nan za mu riƙa ce masa lallausan gashi.

Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa rigar ba ta ƙirƙirar ɗumi. Jikin mutum shi ne murhun, kullum yana kan digiri 37. Aikin rigar irin na filas ɗin mai shayi ne, ta hana zafin da ke ciki fita. Abin da ke yin wannan aiki kuwa iska ce wadda aka kulle ta hana ta motsi. Kowane ɗigon lallausan gashi yana da 'yan zaruruwa masu ɗimbin yawa da suka bazu ta ko'ina, suna sarƙe da na maƙwabcinsa, sai su riƙe iska a tsakaninsu. Iya kumburin rigar, iya iskar da ta riƙe, iya ɗuminta.

Shi ya sa a hannun wasu rigunan ake ganin an saƙa lamba, 550 ko 650 ko 700 ko 800. Wasu abokan ciniki sukan ɗauka lambar girma ce, wasu su ce farashinta ne a Turai. Ma'aunin kumburi ne. Ana auna gashi giram 28, a zuba a wani mazubi, a ga wurin da ya cike. Mai lamba 550 yakan cike kusan lita 9, mai lamba 800 kuwa kusan lita 13. Wato giram 28 kacal, abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, ya kusa cike kashi biyu cikin uku na jarka mai lita 20. Har yau, idan aka kwatanta nauyi da nauyi, masana'antu ba su fito da wani abin cusa wa riga na yau da kullum da ya fi shi riƙe ɗumi ba.

Sai dai lambar ita kaɗai ba ta isa ba, dole a duba yawan gashin da aka zuba. 'Yar siririyar riga mai lamba 800 wadda aka sa wa kusan giram 100, ba za ta kama ƙafar babbar riga mai lamba 600 da aka cusa wa giram 300 ba. Ta farkon ta yawon gari ce a sanyi mai sauƙi. Waɗanda ake shiga ƙasar ƙanƙara da su sukan ɗauki giram 300 zuwa sama. Haka kuma a ƙyallen rubutun da ke ɗinke a cikin rigar za a ga 90/10 ko 80/20. Lambar farko lallausan gashi ce, ta biyun kuma gashi mai kara. Idan aka ga 50/50, rabin abin da ke ciki kara ne mai nauyi da tsini, ɗuminsa kaɗan.

Ɗinkin layi-layi da ke jikinta ba ado ba ne. Duk wanda ya ga lifidin dawakin lamido ranar hawa ya san dabarar: idan aka cusa auduga tsakanin yadi biyu ba a bi da ɗinki ba, sai ta zube ta taru a ƙasa. To amma a riga mai araha, allura takan haɗe yadin waje da shafin ciki kai tsaye, saboda haka a kan kowane layin ɗinki babu gashi sam, ta nan sanyi ke shiga. A riga mai tsada akan sa wani siririn ƙyalle tsakanin waje da ciki, kowane layi ya zama kamar ɗan akwati, kaurin ya zama ɗaya ko'ina. Ɗan kasuwa zai gane wannan idan ya kama layin ɗinkin ta waje da ta ciki ya ja. Idan suka rabu, mai akwati ce, kuma ba kuɗinsu ɗaya da sauran ba.

Inda aka gwada ta

Rigar ba ta daɗe a duniya ba. A 1922 wani masanin kimiyya haifaffen Ostareliya mai suna George Finch ya tafi hawan dutsen Everest da wata riga da aka cusa wa lallausan gashi, aka rufe ta da yadin balan-balan. Abokan tafiyarsa, waɗanda suka sha rigunan ulu, sun yi ta yi masa dariya kafin a fara hawa. A tafiyar ya kai tsayin mita 8,320, inda babu wanda ya taɓa kaiwa kafin lokacin. A Amurka kuma, wani mai kantin kayan farauta a birnin Seattle, Eddie Bauer, sanyi ya kusa halaka shi a wajen kamun kifi a tsakiyar shekarun 1930 bayan rigar ulun da ke jikinsa ta jiƙe. Ya dawo ya ɗinka tasa mai layi-layi, ya yi mata rajista a 1940. Kamfanin Moncler na Faransa, wanda jabun tambarinsa ya cika kasuwanni yanzu, an kafa shi a 1952 kusa da Grenoble, kuma shi ya yi wa 'yan Italiya da suka fara hawa ƙololuwar dutsen K2 a 1954 rigunansu.

Ke nan a wurin da sanyi ya kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili, babu jayayya a kan aikinta. A irin wannan sanyi iska a bushe take, dusar ƙanƙara ba ta narkewa a jikin yadi, kakkaɓewa ake yi kamar garin rogo, gashin yana nan a kumbure. Birnin Harbin na arewacin ƙasar Sin da Montreal ta Kanada, inda 'yan Kamaru da yawa suka koma a 'yan shekarun nan, duk irin wannan sanyi suke gani a Janairu, kuma rigar nan ce suturar yawancin jama'a a kan titi. Amma ko a can tana da iyaka. A yankin Yakutiya na Rasha, inda aka auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a ƙauyen Oymyakon a 1933, har yanzu mutane da yawa sun fi yarda da fatar dabba mai gashi, musamman a hula da takalmi.

Dalili kuwa shi ne riga gangar jiki take rufewa. Abin da sanyi ke fara ci shi ne yatsu da kunne da hanci. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi da iska suka haɗu suka kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A nan hular rigar ke da rana. An daɗe ana yaɗa cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita, likitoci sun nuna ba haka ba ne, abin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Babban amfanin hular shi ne ta toshe wuya, domin ɗumi sama yake tashi, idan wuyan riga a buɗe yake sai ya fice kamar hayaƙi ta tagar madafa. Sannan ta rufe kunne da kumatu. Gashin dabbar da ake zagaye bakin hular da shi, wanda samarinmu ke so don gayu, mutanen ƙarshen arewacin duniya suka fara shi, aikinsa karya ƙarfin iska kafin ta bugi fuska. Hular da ba a cusa wa komai ba, ko wadda ba ta da igiyar tsukewa, iska ta farko za ta tuɓe ta. Mu da muka gaji alkyabba mun san hula haɗe da riga tun ba yau ba.

Babban abokin gabar rigar shi ne ruwa. Da lallausan gashi ya jiƙe sai ya cure ya manne, iskar da ya riƙe ta tafi, rigar ta zama leda biyu da tsumma a tsakani. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma gashin yana daɗewa bai bushe ba. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga hatsari. Ba ruwan sama kaɗai ba, har da gumi. Wanda ya sa ta yana dako ko yana sauri da kaya, gumi zai jiƙa ta daga ciki, da ya tsaya hutawa sanyi ya kama shi. Saboda wannan matsala ce aka ƙera wa sojojin Amurka wata audugar roba mai suna PrimaLoft a shekarun 1980, wadda ko ta jiƙe ba ta rasa ɗuminta gaba ɗaya.

Wannan bayani ya shafi Alhazanmu masu zuwa saro kaya. Da yawa sukan tafi ƙasar Sin a Disamba ko farkon Janairu don su riga hutun sabuwar shekarar can, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa. Mai zuwa Guangzhou ba ya buƙatar babbar riga, sanyin can bai cika kusantar sifili ba, shi ya sa da 'yar ƙanƙara ta sauka a birnin a Janairun 2016 abin ya zama labari. Mai zuwa Yiwu, ko unguwar Laleli a Istanbul, shi zai gamu da sanyi mai yayyafi, 'yan digiri kaɗan sama da sifili, mai shiga ƙashi. A can rigar gashin da yadinta ba ya tare ruwa tana iya ba mutum kunya, gara ya haɗa da rigar ruwa a sama ko lema. Ɗalibi mai tafiya Mosko ko Kanada kuwa, shi ne ainihin mai wannan riga, kuma doguwa wadda ta rufe cinya ta fi masa gajera. A gaya masa ya nemi safar hannu da takalmi mai kauri, kada kuma ya sa singiletin auduga a ƙasa idan zai yi tafiyar ƙafa mai nisa, domin auduga tana shan gumi ta riƙe.

Sanyinmu na gida

Mu dawo gida. Ɗarin hunturu a kwarin Binuwai yakan sauke ma'auni ƙasa da digiri 20 da asuba. A kan tudu abin ya fi haka, domin duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6, shi ya sa mutumin Garwa ke rawar ɗari idan ya kwana a Mokolo ko Rhumsiki ko Ngawundare. Bature zai yi dariya idan ya ji mun kira wannan muku-muku. Bai kwana a ɗakin kwano mai tagar langa-langa ba, bai kuma yi wanka da ruwan randa da asuba ba. Sanyinmu na gaske ne, tsofaffi da yara da masu ciwon ƙirji su suka san haka. Amma da hantsi ya ɗaga, ƙarfe goma ko sha ɗaya, ya tafi.

Wanda ya fi kowa shan sa shi ne mai babur. Ɗan kilando da ya tashi daga Mayo-Oulo da asuba zai kai fasinja Guider, ko mai kai kaya kasuwar kan iyaka, iska ce ke dukansa. Lissafin masana yanayi ya nuna idan ma'auni yana kan digiri 10, mutum yana gudun kilomita 60 a awa, jikinsa zai ji kamar digiri 5. Abin da yake buƙata shi ne yadin da iska ba ta ratsawa, zif mai marfi, hannu mai roba a wuyan hannu, da ƙugu mai tsukewa. Iska mai ƙarfi tana danne lallausan gashi a ƙirji, kumburin da aka biya kuɗi dominsa ya lafe. A ganinmu, rigar fata ko rigar leda mai kauri da suwaita a ƙasa ta fi masa amfani, ta kuma fi jure wahala. Hular rigar ma ba ta mai babur ba ce: tana toshe kunne, tana tare ganin gefe, kuma ba ta zama madadin hular kwano. A shingen jandarma kuwa, ko ba a faɗa ba, a sauke ta tun daga nesa.

Wanda rigar gashi ta dace da shi a nan shi ne mai zama wuri ɗaya cikin dare: maigadin kasuwa, yaron mota da ke kwana a kan kaya a hanyar Ngawundare, mai jiran awo a filin auduga, dattijon da jininsa ya yi sanyi. Su ba sa motsi balle su yi gumi, ruwan sama kuma babu shi a wannan lokaci. Ga su 'yar matsakaiciya ma ta wadatar. Babbar rigar ƙasar ƙanƙara a jikin saurayi da rana tsaka a tashar Guider, gumi na zuba, wannan kam gayu ne, kuma ba mu hana ɗan kasuwa cin kuɗin gayu ba.

Yadda za a gane ta gaskiya

Mafi yawan lallausan gashin duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, daga agwagin da ake yankawa don ci. A can ma algus ya yi yawa har hukuma ta tsaurara doka. Ƙa'idar da ta fara aiki a watan Afrilun 2022 ta ce ba za a kira riga ta lallausan gashi ba sai ainihin gashin ya kai kashi 50 cikin 100 na abin da aka cusa. Duk da haka, a Nuwamban 2024 gidan talabijin na gwamnati, CCTV, ya fallasa masu cusa niƙaƙƙen gashi da ɓarɓashi suna manna takardar shaidar ƙarya. Idan haka ta faru a gidan mai kaya, sai a yi tunanin sabbin rigunan da ke iso mana a kwantena da tambarin The North Face ko Canada Goose a farashin da bai kai na takalmi ba. Araha ba ta ado. Abin mamakin shi ne, a wannan fanni tsohuwar rigar gwanjo takan fi sabuwa ta kwali zama ta gaskiya.

Ba sai da na'ura ba. A fara da ƙyallen rubutu na ciki, yawanci a gefen hagu kusa da ƙugu. Idan an rubuta «duvet» ko «down» da kasonsa, alama ce ta farko. Idan an rubuta «polyester 100%» a wajen abin cusawa, audugar roba ce, magana ta ƙare. Amma rubutu yana ƙarya, hannu ne ba ya yi. A dunƙule rigar a matse. Ta gashi takan ƙanƙance ƙwarai, babba ta koma kamar ƙwallo, idan aka saki ta riƙa tashi a hankali har ta koma yadda take. Ta roba ba ta matsuwa sosai, kuma tana da santsi iri ɗaya ko'ina kamar katifar soso. A ɗaga ta a rana a duba: gashi yakan nuna inuwa dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani wuri haske, roba kuwa shimfiɗe take bai ɗaya. A mutsuttsuka da yatsu, idan kara yana sukar hannu ko'ina, gashin fiffike ya yi yawa. A bubbuga ta, idan ƙura fara tana tashi daga ɗinki, niƙaƙƙen gashi ne. In wani ɗan gashi ya leƙo ta ɗinki, a zare a kai shi nesa da kaya a sa masa ashana: na tsuntsu ƙaurin babbaka yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Daga ƙarshe a kafa baki a yadin a hura. Idan iska ta wuce da sauƙi, haka iskar hunturu za ta wuce.

A rigar gwanjo a ƙara duba kafaɗu da hammata da bayan wuya. Nan ne gumi da maiƙon jikin mai ita na farko suka fi taruwa, nan gashi ke fara mutuwa. Idan wuraren nan sun lafe, yadi na taɓa yadi, rigar ta ci rabin shekarunta ko da launinta na sheƙi.

Ba muna cewa ta roba banza ba ce. Ga sanyinmu, ga mai babur, ga yara masu ɓata kaya kullum ana wanki, sau da yawa ita ta fi dacewa. Abin da muke ƙi shi ne a sayar da ita da sunan ta gashi ga wanda zai hau jirgi ya sauka a Montreal. Shi ba ciniki kawai ya yi ba, lafiyarsa ya damƙa.

Dila da lissafinta

Gwanjon da ke zuwa mana ta Duwala yake sauka, ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngawundare, daga nan ya gangaro Garwa. Kamaru ta yarda a shigo da shi a biya duwan. A Najeriya kuwa yana cikin jerin kayan da dokar kwastan ta haramta shigowa da su, duk da cewa kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano cike suke da shi. Mai tsallaka iyaka da dila ya san wannan, ya kuma san abin da rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya yi wa masu kaya a hanya. Kayan da ke da makonni goma kacal na ciniki, jinkirin mako biyu a hanya ba ƙaramar asara ba ce.

Sayen dila a ɗaure cinikin biri a sama ne, kowa ya sani. Amma akwai abin da ke hannun ɗan kasuwa. Da nauyi ake sayar da dila, rigar gashi kuwa ba ta da nauyi, don haka dilar da ta fi yawan masu gashi ta fi yawan guda. Matsalar ita ce injin ɗaure dila ya matse su wata da watanni, suna fitowa a lafe kamar an bi ta kansu da mota, sai mai kaya ya zuba su a tarin masu araha tun ranar da ya fasa. Kuskure ne mai tsada. A ware su, a kakkaɓe, a rataye kwana biyu ko uku a inuwa inda iska ke kaɗawa, ana bubbuga su da tafin hannu. Busasshiyar iskar hunturu tana tayar da su. Wadda ta tashi ta kumbura, a sa mata kuɗinta daban a jira mai ita. Wadda ta ƙi tashi bayan kwana uku, a sake ta da wuri.

Akwai gargaɗin da ya kamata ya bi kowace riga daga bakin mai sayarwa, shi ne wuta. Yadin waje na leda ne, tartsatsi ɗaya daga murhun mai shayi ko wutar kara da ake jin ɗumi ya isa ya huda shi, gashi ya yi ta fita. Salansar babur ma haka. Idan kuwa ta kama sosai, narkewa take ta manne a fata, saboda haka kada a bar yaro ya tsuguna gaban wuta da ita. Masu sayar da man zuwa-zuwa a bakin hanya su ma su lura da ƙyas-ƙyas ɗin da rigar roba ke yi a busasshiyar iska lokacin tuɓewa, kada a yi shi a kan buɗaɗɗiyar jarka. Ƙaramar huda kuma ba a kai ta wajen tela, allura ƙara ramuka take yi. A tura gashin ciki a manne wurin da ɗan ƙyalle da gam.

Wanki ma yana kashe ta. Garin sabulu mai ƙarfi yana cinye ɗan maiƙon da ke sa gashin tashi. A yi amfani da sabulu mai sauƙi kaɗan da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ɗauraye sosai, kada a murɗe, kada a buga a dutse, kada dutsen guga ya kusance ta. A shimfiɗa ta a kwance, ana zuwa ana warware curin gashin da yatsu har ta bushe ƙarƙaf, ko da zai ɗauki kwana biyu. Idan aka naɗe ta da sauran danshi, wari da fumfuna za su biyo baya.

Sai kayan da suka yi kwantai. Da wuya a ce an sayar da komai kafin zafi ya shigo, kuma abin da aka saba shi ne a tura ragowar cikin buhun leda a take da ƙafa a ɗaure, a jefa a lungun shago har wata shekara. Suwaita za ta jure wannan, ta roba ma da sauƙi. Ta gashi kuwa wata tara a matse, ga danshin damina daga Yuni zuwa Satumba, za ta fito a mace. A tabbatar ta bushe, a sa ta sakwa-sakwa a buhun yadi ko tsohon zane mai shan iska, a ɗora a kan katako ko a rataye a rufi, nesa da ƙasa saboda gara da ɓera. A tsakiyar damina, ranar da aka samu rana mai kyau, a fito da su su sha iska na 'yan awoyi a mayar. A ƙarshen Oktoba a sake fito da su a kakkaɓe, su riga sabuwar dila hawa igiya.